Kurakuran da masu zuwa yawon babur da kallon namun daji a kudancin Afirka ke ta maimaitawa

Duk wanda ya zo min da maganar zai je Afirka ta Kudu ko Namibiya ko Botswana ya hau mashin ya ga namun daji, kusan tsari ɗaya yake zuwa da shi, kurakuran ma iri ɗaya, har na gaji da yi wa mutum ɗai-ɗai bayani.

Hoton da yawanci ke cikin kan mutum shi ne yana kan babur, zaki na kwance a gefen hanya yana ɗaukarsa bidiyo. Babu wannan malam. Gandun dajin Kruger na Afirka ta Kudu ba a shiga da babur, gandun Etosha na Namibiya ma haka, daga bakin get za a juya ka, kuma magiya ba ta aiki a wurin. Dabbobin sun saba da mota, suna ganinta abu guda ne da babu ruwansu da shi, amma mutum a kan babur a fili yake tsirara. Ni abin da nake yi, in ajiye mashin a masauki, a garin Hazyview in Kruger ne, a garin Kasane in gandun Chobe na Botswana ne, in biya motar masu zagayawa da baƙi da sassafe. In ka ga dama ka yi hayar ƙaramar mota ka shiga Kruger da kanka, gudu kilomita 50 a kwalta 40 a burji, ba fitowa daga mota, kuma ka koma kafin a rufe get. Gandun ya kai murabba'in kilomita kusan 19,500, kada ka ware masa yini ɗaya ka ce ka ga Kruger.

Amma wanda ya fi ƙona min rai shi ne tafiyar yamma. Mutane na tsoron zakin cikin gandu, alhali abin da ke karya masu babur yana kan kwalta lafiyayya. Hanyar garin Nata zuwa Kasane a Botswana wajen kilomita 300 ce, mafi yawanta ba shinge, giwaye na tsallakawa yadda suka ga dama, ga gadu, ga manyan barewa irin nasu masu tsalle ɗaya su faɗo tsakiyar titi, kuma yawancinsu da faɗuwar rana suka fi motsi. A watan Yuni da Yuli wajen ƙarfe shida rana ta tafi. Wani abokin tafiyarmu ya ɓata mana safiya a Nata, yau wanki, yau cajin waya, sai bayan Azahar muka ɗaga, a hanya kuma duk giwar da aka hango sai an tsaya hoto, na yi magana na yi magana, ya ce ai shi tun yana ɗan shekara goma sha yake hawan mashin. Mun wuce Pandamatenga ana dab da Magariba, gadu ya fito daga ciyawa da wutsiya a tsaye, yaransa na biye da shi a layi, ko burki mutumin nan bai samu takawa ba. Ƙashin wuyansa ya karye, babur sai a mota aka ɗauko, kuɗin ajiyar da muka ba wa masu haya ya tafi, sauran kwanakin da na tara wa kuɗi na ƙare su a jinya da neman jirgin da zai mai da shi gida. Shi ya sa yanzu ba na sassauta wa kowa, in yi Asuba in jira gari ya waye sosai sannan in hau, La'asar kuma ta same ni a masauki. Wanda bai yarda da wannan ba ya nemi wani abokin tafiya, wallahi ba zan sake ba.

Kuma don Allah in ka ga giwa a bakin titi ka daina matsawa. Haba jama'a, dabbar da kan kai tan biyar ce za ka je kusa da ita don hoton Facebook? Ka tsaya nesa, ka juya kan mashin ya kalli inda ka fito tun kafin a buƙata, kada ka kashe inji, kada ka yi hon, kada ka murɗa totur. In tana girgiza kai ta baza kunnuwa tana kallonka, gargaɗi ne. Mai ɗa ta fi kowacce haɗari, haka toron da za ka ga wani ruwa na zubo masa daga gefen kai, lokacin haukansa ne. Ni nakan jira babbar mota ta zo in bi gefenta, ta shiga tsakanina da su, in babu mota in zauna har su gama, giwa ba ta gaggawar barin wuri.

Sai burjin Namibiya. Daga Walvis Bay zuwa Solitaire ta hanyar C14 ya haura kilomita 200, tsakuwa da gargada da rairayi a inda ba ka zata ba, kuma babu gidan mai a tsakani. Sabon shiga yakan zauna daram a kujera ya ƙanƙame kan babur, da tayar gaba ta fara rawa sai ya damƙe burkin hannu, shi ke nan sai ƙasa. Ka miƙe tsaye a kan matakai, ka sassauta hannu, ka kalli nesa, ka ɗan rage iskar taya, in ka shiga rairayi kada ka saki totur gaba ɗaya. Mota in ta taho da ƙura ni rage gudu nake in koma gefe har ta lafa, wasu na ganin ɓata lokaci ne, su ta shafa. Ruwan sha kuma ka ɗauki fiye da yadda kake zato, busasshiyar iskar nan na shanye mutum ba tare da ya ga gumi ba.

Ƙananan kuma ga su. Hannun hagu ake tuƙi a duk ƙasashen nan, inda aka fi mantawa shi ne fitowa daga gidan mai da kuma shataletale. Yuni zuwa Agusta hunturunsu ne, sanyin safiya a kan babur ya ninka na Jos, ka zo da safar hannu mai kauri, amma lokacin ne ciyawa ta bushe dabbobi ke taruwa a bakin ruwa. Duk inda ka ga mai ka cika tanki ko da rabi ya rage. Katin rigakafin shawara ka sa shi cikin fasfo tun daga gida. Kruger da Chobe akwai maleriya, kada ka ce ka saba da sauro. A shingayen dabbobi na Botswana ana ƙwace ɗanyen nama saboda ciwon kofato da baki, har takalminka za ka tsoma a ruwan magani, kada ka tsaya musu.

Takardu kuma, lasinka ya nuna na babur ne, sannan in mashin na haya ne sai masu shi sun ba ka wasiƙar izinin ƙetare iyaka mai sunan kowace ƙasa da za ka shiga, ka karanta ta a gabansu kafin ka bar shagon. Mai fasfo ɗin Najeriya ya duba bizarsa ta Afirka ta Kudu da kyau, in ta shiga sau ɗaya ce to da zarar ka hau hanyar tsaunin Sani Pass ka faɗa ƙasar Lesotho, ko ka ƙetara Namibiya, ta ƙone, alhali babur ɗin a Johannesburg ko Cape Town ake jiran ka mayar.