Darasi na 9: Raba Kafet ɗin Mota da Warin Sabulu

An wanke mota ta fito fes. Bayan kwana biyu ka buɗe ƙofa da tsakar rana, sai warin omo ya tare ka tun kafin ka zauna. Wani lokaci na Izal ne, wani lokaci na ruwan wanki mai ƙamshi da ya juye ya yi tsami. Mai motar gida zai iya daurewa. Ga direban haya kuwa asara ce. Ka ɗebi fasinja daga Gombe zuwa Kaltungo, kafin a kai Kumo wata ta fara jin jiri, mai ciwon asma yana roƙon a sauke gilas. Wannan darasi na direbobi ne da masu sana'ar wankin mota.

Inda warin yake maƙalewa

Kafet ɗin mota hawa biyu ne. Akwai na sama mai gashi, wanda ido yake gani. A ƙarƙashinsa akwai wata shimfiɗa mai kauri, ta soso ko ta audugar da aka danne, wadda take tare zafi da ƙarar hanya. Daga ita sai ƙarfen mota. In aka kwarara ruwan sabulu, na saman yakan bushe da wuri, ka taɓa ka ji garau. Na ƙasan kuwa yana iya kwana da kwanaki a jiƙe.

Abu biyu ke kawo warin. Na farko, sabulun da ba a ɗauraye ba. Kowa ya san rigar da aka wanke da omo aka shanya ba ɗauraya: tana yin tauri, tana wari, tana saurin kama datti. Haka kafet yake yi. Na biyu, danshi. Wuri mai danshi da ɗumi, cikin kwana ɗaya zuwa biyu fumfuna take fara kama shi, sai warinta ya gauraye da na sabulu.

A nan Gombe akwai abin da ke ƙara wa matsalar ƙarfi. Ruwan famfo da ake turowa daga Dadin Kowa ba kullum yake kaiwa kowace unguwa ba, masu wanki da yawa a hannun 'yan garuwa suke saye. Duk jarka kuɗi ce. To, sai yaro ya cika omo don kumfa ta burge mai mota, ya kuma yi tsimin ruwan ɗauraya. Ga zafin rana: a watan Maris da Afrilu, cikin motar da aka rufe a rana yana iya wuce digiri 60. Zafi kuwa shi ke tayar da wari.

Karanta wannan hira:

"Maigida, ai na fesa turare sau biyu, har na rataya mai ƙamshi a madubi."

"Kai yaro, turare ba ya cire sabulu. Ɗauko bokiti da tawul, mu sake ɗauraya."

Maigidan ne da gaskiya. Turare rufe wari yake yi na ɗan lokaci, in ya gushe wari ya dawo, wani lokaci haɗin biyun ya fi na farko tayar da zuciya.

Ɗauraya

Zaɓi ranar da babu hadari, ka fara da safe. Tanadi bokiti 2, tsofaffin tawul masu tsabta 3 ko 4, buroshi mai laushi, da gorar roba da aka huda murfinta don yayyafi.

Fara da fitar da shimfiɗun ƙafa. Waɗannan aikinsu da sauƙi: wanke su a waje da ruwa zalla har kumfa ta ƙare, ka rataye su a rana.

Kafet ɗin da ke manne da mota shi ne mai wuya. Kada ka kwarara masa ruwa da bokiti ko tiyo, don ruwan zai sake gangarawa cikin soson ƙasa. Yayyafa ruwa kaɗan a wuri kamar faɗin tafin hannu biyu. Goga da buroshi a hankali. In kumfa ta taso, ka ga sabulun da ya rage da idonka. Ɗora busasshen tawul, ka danna da ƙarfi, ko ka taka shi da ƙafa. Danna ake yi, ba gogewa ba, domin tawul ya tsotse ruwan da sabulun tare. Matse shi a bokiti na biyu. Maimaita har buroshi ya daina tayar da kumfa, sannan ka matsa gaba. Aikin yana cin lokaci, amma ba ya cin ruwa, jarka ɗaya takan isa ƙaramar mota. In akwai wurin wanki mai injin da ke zuƙe ruwa, ya fi tawul nesa ba kusa ba.

A ɗauraya ta ƙarshe za ka iya amfani da farin ruwan khal, wanda ake sayarwa a shagunan kayan abinci. Haɗa kofi 1 na khal da kofi 3 na ruwa. Tsaminsa yana karya ragowar sabulu, warinsa kuma yana tafiya in ya bushe. Fara gwadawa a lungun da ba a gani, kamar ƙarƙashin kujera, ka ga ko launi zai canza.

Gargaɗi mai muhimmanci: in da Jik ko Hypo aka yi wankin farko, kada ka zuba khal sam. Haɗuwarsu tana fitar da iska mai guba, mai ƙona ido da maƙogwaro da huhu, balle a cikin mota da wuri ƙarami ne. Ka tsaya ga ruwa zalla. In ba ka san abin da aka yi wankin da shi ba, tambayi wanda ya yi. Irin waɗannan ruwan ma ba na kafet ba ne, suna cinye launi.

Shanya

Nan ne mutane da yawa suke gajiya, nan ne kuma aikin yake. Buɗe ƙofofi duka, har da but. Kashe fitilar ciki kada batir ya sauka. In da wuta, sa fanka ta riƙa hura ƙasan motar.

Da hunturu iska busasshiya ce, yini ɗaya yakan wadatar, sai dai ka nemi wurin da ƙura ba ta da yawa. Da damina, musamman a watan Agusta, sai ka yi haƙurin kwana 2 ko 3. In ruwan sama ya hana ka buɗe ƙofa, kunna esi, domin tana zuƙe danshin iska. Amma kada ka bar inji yana aiki a cikin rufaffen gareji. Hayaƙin salansa yana kisa, kuma gubar da ke cikinsa ba ta da wari.

Yaya za ka san ya bushe? Ɗora farar takarda a kafet, ka taka na ɗan lokaci. In ta yi laushi, da saura. Ɗaga gefen kafet ta bakin ƙofa, ka sa hannu ka taɓa soson. In ya jiƙe sharkaf, tura ɗan katako ka ɗage kafet ɗin don iska ta shiga. Yi hattara da wayoyi, suna bi ta nan, a wasu motocin ma akwai kwamfuta a ƙarƙashin kujera. In sai an cire kujera, kai wa mai gyaran wayoyin mota. Kada ka mayar da shimfiɗar roba a kan kafet mai danshi, rufe ruwan za ta yi, ƙarshenta ƙarfen ƙasa ya yi tsatsa.

Ragowar wari

Bayan kafet ya bushe ƙarau, barbaɗa bekin soda, irin wadda masu yin kek suke saya, ka bar ta ta kwana. Da safe a zuƙe ta da injin ƙura, ko ka share da busasshen buroshi. Kada ka haɗa ta da khal, kashe ƙarfin juna suke yi. Gawayi ma yana ɗan taimakawa: ɗaure shi a tsumma ka ajiye ƙarƙashin kujera na 'yan kwanaki. Gawayin da ba a kunna ba ake nufi. Kaskon turaren wuta ba shi da wuri a cikin mota.

In ka yi duk wannan, amma gaban kujerar mai zaman banza yana sake jiƙewa, ba laifin wanki ba ne. Wataƙila bututun da ke zubar da ruwan esi ya toshe. In kuma warin sai an kunna esi yake fitowa, a duba filtar iska, wadda a motoci da yawa take bayan akwatin gaban fasinja. Waɗannan aikin bakanike ne.

Aiki

1. Rubuta waɗannan kalmomi sau uku a littafinka: ɗauraya, danshi, fumfuna, gawayi.
2. Me ya sa ba a zuba khal a inda aka yi wanki da Jik?
3. In za ka yi amfani da kofi 2 na khal, kofi nawa na ruwa za ka zuba?
4. Ɗaga shimfiɗar ƙafa ta wata mota, ka gwada da takarda, ka gaya wa aji abin da ka gani.