Yadda ake mahawara kan asalin duniya da samuwar Mahalicci

Kafin kowa ya kawo hujja, ku fara daidaitawa kan abin da kuke nufi da “bayani”, domin a nan ne yawancin irin wannan mahawara take watsewa. Masanin kimiyya yana neman yadda abu ya faru mataki bayan mataki, malamin tauhidi kuwa yana tambayar dalilin da ya sa aka sami wani abu tun asali maimakon babu. Idan ba a raba tambayoyin nan biyu ba, kowa zai tashi yana ganin ya yi kaye, alhali ko gaba ba a haɗa ba.

Daga nan sai ka jera hujjarka gaɓa-gaɓa. Wadda ta fi shahara ita ce hujjar faruwa: duk fararre, wato abin da babu shi sannan ya samu, yana da mai farar da shi, duniya fararriya ce, saboda haka tana da mai farar da ita. Masanin falsafa Al-Kindi ya kafa ta a Bagadaza a ƙarni na 9, Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ƙarfafa ta, kuma duk wanda ya karanta Ummul Barahin ta Sanusi, wato littafin tauhidi, a zaure ya san ta. Amfanin jerawar shi ne abokin mahawararka dole ya nuna gaɓar da yake musu. Kada ka ɗauki musunsa a matsayin kafirci, domin Ibn Rushd, alƙalin birnin Kurɗuba na Andalus, bai gamsu da wannan hanyar kafa hujja ba, kuma mai imani ne.

Ka shirya wa tambayar “to, wa ya halicci Mahaliccin?” Amsar malamai ita ce hujjar ta ce duk fararre, ba ta ce duk samamme ba, kuma jerin dalilai marar farko, wato tasalsuli, ba ya tsayuwa. Sai dai mai musu na iya cewa a tsaya a kan duniyar kanta, kamar yadda masanin falsafa Bertrand Russell ya yi a mahawararsa da limamin Katolika Frederick Copleston a rediyon BBC a 1948. A ganina nan ne ainihin gardamar take, kuma nan ne bambancin da Ibn Sina ya yi tsakanin wajibin samuwa (wanda rashinsa ba ya yiwuwa) da mai yiwuwar samuwa (wanda zai iya samuwa ko ya ƙi samuwa) zai yi maka aiki.

Da kimiyya kuwa, ka taka a hankali. An kiyasta shekarun sararin samaniya da kusan biliyan 13.8, amma nazariyyar Big Bang tana bayyana faɗaɗuwarsa ne daga yanayi mai tsananin zafi da cunkoso, ba ta kai ga lokacin farawar kansa ba. Georges Lemaître, limamin Katolika kuma masanin kimiyya ɗan Beljiyam da ya kawo batun faɗaɗuwar a 1927, bai ji daɗi ba da Fafaroma Pius na 12 ya danganta nazariyyar da halitta a 1951, don ba ya son a ɗora imani a kan nazariyyar da bincike zai iya sauyawa.

Ko an karɓi hujjarka, iyakarta ta kai ka ga mafari na farko. Batun annabci da wahayi yana buƙatar nasa dalilan, sai ku sa masa wata rana, kuma ku zauna ku kaɗan tare da mai raba lokaci, ba a bainar jama'a ba inda rai ke saurin ɓaci.