Yadda ake shirya fim ɗin matasa kan makaranta da ƙwallon ƙafa

Abu na farko, ka san jarumin fim ɗinka, yaro ko yarinya, domin 'yan mata ma suna taka leda. Ba shi shekara 16 ko 17, ka sa shi a ajin ƙarshe, inda jarrabawar fita da gasar makarantu za su faɗo masa a zango ɗaya. Daga nan ka haɗa shi da abu biyu da yake so, waɗanda ba za su samu tare ba. Misali, lambar rigar da yake nema a kulob ɗin makaranta, amininsa ne ke sanye da ita. Wannan zaɓin shi ne ƙashin bayan fim ɗin. Kofi kuwa, a ci ko a rasa, labari zai tsaya da ƙafarsa.

Sai rubutu. A tsarin rubutun fim, shafi ɗaya kusan minti ɗaya ne a allo, don haka fim mai minti 90 yana neman shafi 90 ko kusa da haka. A ganina wasan ƙwallo uku sun isa: na farko a ga gwanintarsa da girman kansa, na biyu ya sha ƙasa, na uku a ga wanda ya zama. Sauran shafukan na aji ne da gida.

A nan ne marubuta da yawa ke tuntuɓe, suna cusa wa yara maganar manya. Ɗan shekara 16 ba ya tsayawa ya ce ransa ya ɓaci. Koci ya karanta sunaye 11 babu nasa, sai ka gan shi a benci yana kwance igiyar takalmi yana sake ɗaurewa, ya ƙi ɗaga kai. Rubuta wannan, ka bar dogon jawabi. Uban da ya hana ƙwallo ma a ba shi dalili mai ƙarfi, wanda mai kallo zai ji ya ce da gaskiyarsa.

Wajen zaɓen 'yan wasa, ɗauki waɗanda suka iya ƙwallo ka koya musu wasan kwaikwayo. Masu kallon ƙwallo ba sa ruɗuwa, daga yadda yaro ya tare ƙwallon farko sun gane ko ɗan wasa ne. Duk wanda bai kai 18 ba, a karɓi izinin iyayensa a rubuce, haka ma na hukumar makaranta. Lokacin hutu ya fi dacewa da ɗauka.

Ranar ɗaukar wasa, kada ka zuba yara 22 a fili ka ce su buga kana ɗauka, za ka kwashi abin da ba ya haɗuwa. Zana kowane hari a takarda: wa ya ba wa, wa ya yanke wa, ina ƙwallo ta ƙare. A maimaita shi har ya zauna. Ajiye kyamara a gefe ɗaya na filin, domin idan ka tsallaka ɗaya gefen, masu kai hari dama za su koma suna kai hari hagu, mai kallo ya rikice. Fim yana tafiya ne a hoto 24 cikin daƙiƙa, to abin da kake son nunawa a hankali, kamar bugun fenariti daga mita 11, ɗauke shi a 60 ko 120. Idan 'yan kallo sun yi kaɗan, tara su a kusurwa ɗaya ka matso da kyamara. A sa mutum guda ya riƙa lura da inuwa da dattin riguna, kada rigar da ta sha laka ta dawo fes a minti na gaba.

Sauti kuma a naɗe shi daban: ƙarar takalmi a jikin ƙwallo, haki, busar usur, ihun benci.

Bayan an haɗa fim, tara ɗalibai sa'o'in jaruminka su kalla, kai kuma ka zauna kana kallon fuskokinsu. Duk wurin da suka fara hira ko latsa waya, rubuta mintin, ka koma wurin edita a rage shi.