Yadda Ake Gano Shekarun Tarkacen da Ƙanƙara Ta Bari a Kwarin Tsaunuka

Ɗalibin da ke karanta ilimin ƙasa ko na duwatsu a Jami'ar Bayero zai iya cewa ina ruwan Bakano da kogin ƙanƙara, tunda ko dusarta ba ta taɓa sauka a Dala ba. To, a nan Afirka akwai ta har gobe a kan Kilimanjaro mai tsayin mita 5,895, da tsaunin Kenya, da Ruwenzori da ke iyakar Uganda da Kwango. A da kuma ta rufe tsaunukan Bale da Simiyen na Habasha da Atlas na Maroko. Sanin lokacin da ta yaɗu da lokacin da ta ja baya yana cikin hanyoyin da ake gane tsohon yanayin nahiyar nan, kuma masu neman digiri na biyu da na uku daga garin nan suna iya tsintar kansu a irin wannan aiki. Ga yadda ake yinsa.

Fara daga kan teburinka

Kogin ƙanƙara yana gangarowa cikin kwari a hankali, yana kankare gefen dutse, yana kwaso ƙasa da tsakuwa da manyan duwatsu. Inda ya tsaya ya daɗe, sai ya jibge kayan nan su zama dogon tudu a gabansa da gefensa, kamar yadda garma ke tayar da kunya a gona. Wannan tudun tarkace shi ne abin da za ka auna.

Ba sai ka sayi tikitin jirgi ba tukuna. Buɗe Google Earth a ɗakinka, ko a Kabuga kake ko a Ɗorayi, ka bi kwarin daga sama zuwa ƙasa. Kwarin da ƙanƙara ta sassaƙa ƙasansa faffaɗa ne, bangonsa a tsaye, saɓanin wanda ruwa ya haƙa mai tsukakken gindi. Zana kowane tudu, ka ba shi lamba. A ƙa'ida, wanda ya fi nisa can ƙasa shi ne babba a shekaru, na kusa da ƙololuwa su ne ƙanana, domin duk ƙanƙarar da ta sake gangarowa ta wuce tsohon tudu takan share shi. Ka riƙe wannan jerin da kyau. Duk sakamakon da ya zo daga baya ya ce na kusa da ƙololuwa ya girmi na can ƙasa, to akwai abin dubawa.

Tabbatar ƙanƙarar ce ta ajiye

Nan ne sabon shiga ke yawan faɗawa rami. Zaftarewar dutse ma tana tara tudu, ambaliya ma haka. Tarkacen ƙanƙara a cakuɗe yake, laka da tsakuwa da dutse ƙato duk a wuri ɗaya, babu jeri. Wasu duwatsun za ka ga zane a jikinsu, layi-layi, inda aka goga su da wani dutsen. Wani kuma jinsinsa ya saɓa da na wurin da yake zaune, alamar daga nesa aka ɗauko shi.

Kada ka je Riruwai ka ga mulmulallun duwatsu a kan juna ka ce ƙanƙara ce ta jera su. Ruwa da zafi ne suka cinye gefen giranit ɗin tsawon zamani. Marmarar da ke saman Dala da Goron Dutse ma haka, ba ta da alaƙa da wannan zance. Amma wuraren nan suna da amfani gare ka: a can za ka koyi riƙe guduma da ɗaukar bayani kafin ka je inda numfashi ke wuya.

Zaɓen dutse, wanda shi ne rabin aikin

Hanyar da aka fi dogara da ita yanzu ta ginu ne a kan wani abu mai sauƙin fahimta. Akwai ƙwayoyi masu tsananin ƙarfi da ke sauko wa duniya daga sararin samaniya dare da rana. In suka bugi ma'adinin kwaz, wannan farin mai ƙyalli da ke cikin giranit, sai su haifar da wani sinadari, beriliyom-10. A gaɓar teku can nesa da layin Ikwaita, wanda ya raba duniya kudu da arewa, ƙwaya 4 kacal ake samu a kowane giram na kwaz a shekara. Dutsen da ke binne ƙarƙashin ƙanƙara ba ya samun kusan komai. Ranar da ta ajiye shi a fili ta janye, ranar ya fara tarawa. Misali, in da a wancan wurin ne aka ƙirga ƙwaya 80,000 a giram, to dutsen ya yi kusan shekara 20,000 a sarari.

Saboda haka tambayar da za ka yi wa kowane dutse ita ce: tun da aka ajiye ka, ka motsa? Nemi wanda ke kan tsakiyar tudu, ba a gangare ba. Ya zama babba, tsayinsa ya kai ƙugunka ko ya wuce, gindinsa a kafe cikin ƙasa, samansa a shimfiɗe. Wanda ya tsage, ko fatarsa ke ɓarewa, ko yake ƙarƙashin bangon da duwatsu ke faɗowa, wuce shi komai kyansa.

Kuskure iri biyu ne ke jiranka, kuma kowanne da inda yake ja. Dutsen da ya daɗe yana shan rana a jikin tsauni kafin ya faɗo kan ƙanƙara ya zo da tsohon tari, zai nuna shekarun da suka wuce na gaskiya. Wanda kuma ya yi dubban shekaru a binne cikin tudun, sai daga baya ruwa ya wanke ƙasa ya fito, zai nuna ƙasa da gaskiya. Ido ba ya iya raba su ko yaushe. Shi ya sa ni ban yarda da tudun da aka auna da dutse ɗaya ko biyu ba. A ɗauki biyar ko fiye, in kuɗi sun bari.

Da guduma da cizal za ka ɓalli saman dutsen, kaurin santimita 2 zuwa 5, kada ka zurfafa, domin beriliyom ɗin yana raguwa da rabi a kusan kowane santimita 40. Rubuta wurin da GPS, musamman tsayinsa daga teku, tunda can sama tarin ya ninka na ƙasa sau da yawa. Auna yadda tsaunukan kewaye suka tare sama ta kowace fuska, ka ɗauki hoto, ka rubuta lamba a jikin jaka da cikinta. Kano ba ta kai mita 500 daga teku ba, don haka ka hau a hankali, ka ba jikinka kwanaki ya saba. Takardar izini kuma wajibi ce, yawancin wuraren nan gandun gwamnati ne.

Jinsin dutse shi ke zaɓa maka sinadari. Ruwenzori tsofaffin duwatsu ne masu kwaz, beriliyom ya dace. Kilimanjaro da tsaunin Kenya na aman wuta ne, kwaz ya yi ƙaranci, can kulorin-36 aka yi amfani da shi.

Ɗakin gwaji

Za a niƙa samfurin, a tankaɗe, a wanke da asid mai haɗari har sai kwaz zalla ya rage, sannan a narkar da shi a ware beriliyom. Ƙirgar ƙwayoyin sai da wata babbar na'ura da ba kowace ƙasa ke da ita ba. Akwai a iThemba LABS ta Afirka ta Kudu, da wasu cibiyoyi a Turai da Amurka. Aikin yana cin watanni da kuɗi, don haka a nemi abokan haɗin gwiwa tun kafin a ɗaga guduma. Lissafin ƙarshe kuwa a intanet ake yinsa, da manhajojin da masana suka sa kyauta.

Nemi shaida ta biyu

Tudun tarkace yakan datse ruwa ya zama tafki. In aka zura bututu aka ciro lakar ƙasan tafkin, ruɓaɓɓen ganyen da ke can gindi ana auna shi da kabon-14, wanda rabinsa ke ƙarewa a shekara 5,730, kuma ba ya aiki bayan kusan shekara 50,000. Lura da abin da adadin ke nufi: ganyen ya tsiro ne bayan ƙanƙara ta tafi, don haka tudun ya girme shi. Icen da aka samu a danne ƙarƙashin tudun kuwa shi ne ya girmi tudun. Wanda ya rikita waɗannan biyun ya ɓata rahotonsa. Yashin da narkakken ruwa ya shimfiɗa shi ma ana iya gano ranar da ya rabu da hasken rana, muddin an ɗebe shi cikin bututun da haske ba ya shiga.

Da sakamako ya zo, jera shi a kan taswirarka ta farko, ka faɗi wanda ka cire da dalilin cirewa. Kada ka matsa wa adadi lamba don ya dace da na Turai, inda ƙanƙara ta kai matuƙa wajen shekara 21,000 da suka wuce. Tudun tafkin Mahoma na Ruwenzori ya faɗo kusa da wannan lokaci, amma a Bale ta kai iyakarta tun kafin nan.

Akwai tarkacen ƙanƙara da ya fi waɗannan kusa da mu, a yankin Jado na arewacin Nijar, daga zamanin da Sahara ke kusa da ƙuryar kudu ta duniya, shekara kusan miliyan 445 da suka shuɗe. Ya riga ya zama dutse, kuma beriliyom da rabinsa ke ƙarewa a shekara miliyan 1.4 ba zai gaya maka lokacin ajiye shi ba. Can ana dogara ne da burbushin halittun teku da ke cikin shimfiɗun da ke samansa da ƙasansa.