Yadda zaka bi diddigin leburan gona da matarsa daga kan dutsen kabarinsu a Wales

Wata tsohuwa maƙwabciyata ce ta jefa ni cikin harkar nan. Kakannin kakanta suna kwance a bayan wani ɗan ƙaramin coci a ƙauye, irin wanda mutanen Wales ke cewa capel, na 'yan Methodist da Baptist da sauran waɗanda suka ɓalle daga Cocin Ingila. Mijin ɗan ƙodago ne a gonakin mutane, ba gona ba wasiyya, toh irinsu sai ka bi a hankali.

Fara da dutsen kansa. Dan Allah kar ka kankare shi da buroshin waya, lalata rubutun zakai. Ka je da yamma da tocila ka haska ta gefe, haruffan da suka shafe sai kaga inuwarsu ta fito. Yawanci da yaren Wales aka rubuta, "Er cof am" shine domin tunawa da, "bu farw" ya rasu, "priod" miji ko mata, "oed" shekaru. Kwafe komai har sunan gida ko gonar da aka sa kusa da sunan, wlh wannan ma yafi sunan mutumin amfani, dan a ƙauye ɗaya zaka samu Jones da Davies da Evans sun fi a ƙirga, sunan gonar ne kaɗai ke raba wannan da wancan.

Daga nan ka cire shekarun daga ranar mutuwa ka samu kintacen haihuwa, ka shiga FreeBMD, shafin intanet na jerin rajistar haihuwa da aure da mutuwa, kyauta ne. Rajistar haihuwa da aure da mutuwa ta gwamnati ta fara ne 1 ga Yuli 1837, idan ka samu lambar rajistar mutumin a FreeBMD sai ka nemi takardar shaidar a wajen GRO, babban ofishin rajista na gwamnati.

Inda muka sha wahala shine auren. Mun ƙare kwanaki muna nema a littafin capel ɗin ashe tun dokar 1753 har zuwa 1837 dole a cocin gwamnati, wato Cocin Ingila, ake ɗaura aure ko kana so ko baka so, in banda Yahudawa da 'yan Quaker, wata ɗariƙar Kirista. Dan haka ka duba rajistar cocin unguwar. Kuma in 'yan Baptist ne kar ka wahalar da kanka neman baftismar jariri, basa yi.

Sai ƙidaya. A 1841 duk wanda ya haura 15 an rage masa shekaru zuwa biyar-biyar, mai 34 sai kaga 30, kar ka ce ba shi bane. Ta 1851 tafi daɗi dan tana faɗin inda aka haifi mutum, a gaban sunan mijin zakaga "Ag Lab", leburan gona kenan. Kuma kar kayi mamaki in duk ƙidaya ka gansu a wani gida daban, kasuwar ɗaukar barori ake ci a watan Mayu da Nuwamba, mutum ya tattara ya koma wani ubangidan.

In ka samu sunan gonar, taswirorin zakkar coci na wajajen 1840 suna shafin Laburaren Ƙasa na Wales dake Aberystwyth, tsoffin jaridu ma suna can kyauta. A taswirar muka gano ɗan bukkar da suka zauna, yanzu tumaki ne ke kiwo a wurin.