Keken dutse mai batir: kurakuran da sabbin shiga ke ta maimaitawa har na gaji da gani

Duk shekara da zarar sanyi ya ja baya a nan Freiburg ta Jamus, wajen watan Afrilu haka, sai ka ga sabbin mahaya sun cika gindin dutsen Rosskopf, wani ya ɗauko keken haya wani ya sayi na hannu a intanet, har da 'yan uwanmu ɗalibai da suka ga Jamusawa na yi suka ce su ma sai sun gwada. Kuma wallahi matsalolin ba sa canjawa. Kaca ta tsinke, batir ya mutu a tsakiyar daji, ko mutum ya dawo da gwiwa a kumbure yana cewa keken ne ba shi da kyau. Keken lafiyarsa ƙalau Malam, hawan ne ba a iya ba.

Tushen abin ɗaya ne, mutane suna hawa da tunanin babur suka samu. Ba totur a jikin keken nan. Injin yana tsakiya ne wurin feda, yana auna ƙarfin da ƙafarka ta danna da saurin da kake juyawa, sai ya ɗora nasa a kai. A injin kamfanin Bosch mai suna Performance Line CX na wajen 2020, matakin taimako mafi ƙanƙanta, wato Eco, yana ƙara maka kusan kashi 60 cikin 100 na abin da ka taka, mafi girma kuma, wato Turbo, har kashi 340, wato sama da ninki uku. Kamfanin Shimano nasu sunayen Eco, Trail da Boost ne, Specialized kuma Eco, Trail da Turbo, amma duk tafiyar ɗaya ce. Wannan maɓallin da ke gefen hannunka na hagu yana canja yawan taimako ne kawai, ba ya canja giya, giyar tana nan a hannun dama tana jiranka, kuma ita ce sabon shiga yake mantawa da ita gaba ɗaya.

To nan ne babban kuskuren yake, wanda idan na gani raina yake ɓaci. Mutum ya danna Turbo tun daga ƙofar gida, ya bar kaca a kan ƙaramin haƙori na baya, giya mafi nauyi ke nan, yana taka feda a hankali kamar ba ya so, hawa ya zo maimakon ya sauke giya sai ya ƙara neman maɓallin taimako alhali ya riga ya ƙure shi. Keken zai tafi, shi ya sa yake ganin daidai yake yi. Amma daidai yake da direban da ke tayar da mota a giya ta huɗu kullum, za ta motsa, sai dai akwai abin da ke cinyewa a ciki. Injin nan yana ba da ƙarfin murɗawa har 85 Nm, Shimano EP8 ma haka, ka haɗa da nauyin ƙafarka, duk suna sauka a kan siririyar kaca da ƙaramin haƙori mai haƙora goma ko sha ɗaya, inda 'yan haƙora kaɗan ne ke riƙe da kacar a lokaci guda. Ina za su iya? Sannan injin kansa ba ya son juyi a hankali, yana zafi, yana shan wuta fiye da kima. Inda yake sakewa shi ne ƙafa na juyawa kamar sau 70 zuwa 90 a minti, da sauri da sauƙi, ba dannawa da ƙarfin tsiya ba.

Ni wannan karatun da kuɗina da fatar gwiwata na biya shi, shi ya sa nake zafi a kai. Wata rana ina hawan dutsen Kybfelsen, hanya ta yi kwana sai ga tudu ya miƙe tsaye a gabana ban shirya ba, ina Turbo ina giya mai nauyi, na miƙe tsaye a kan feda na danna da dukkan ƙarfina, a daidai lokacin kuma na tura giya uku a jere da babban yatsa. Ƙarar da na ji ƙas! ce kawai, ƙafata ta tafi a banza, gwiwa ta daki ƙarfen kan keke, na kife gefe cikin ganye. Kacar ta rabe biyu tana kwance a ƙasa, kuma ba ni da ɗan mahaɗin kaca a jaka, abin da bai kai kuɗin shayi da burodi ba. Abin da mutane ba su sani ba, a keken da injinsa ke tsakiya idan kaca ta tsinke to injin ma ya zama kaya, don ta kacar yake tura tayar baya. Batir cike, inji lafiya, amma haka na turo kilo ashirin da wani abu ina ɗingishi har inda gangara ta fara. Da na kai wa mai gyara ya sa ɗan ƙarfen awo a kacar sai ya girgiza kai, ta daɗe da miƙewa, ta cinye haƙoran baya ta cinye na gaba, sabuwar kaca ba za ta zauna a kansu ba sai an canja duka. Ranar na san garaje ba ƙarfi ba ne.

Abin da nake yi yanzu, kuma ban ce kowa haka yake yi ba: ina kallon hanya tun daga nesa in sauke giya kafin tudun ya iso, ba a tsakiyarsa ba. Idan dole sai na canja a kan hawa, ina sassauta ƙafa na rabin juyi, in tura giya ɗaya, in ji ta zauna, sannan in tura ta biyu. Ka tuna injin ba ya yankewa nan take idan ka sassauta, yana ɗan ci gaba da turawa na ƙiftawar ido, don haka ka ba shi wannan ɗan lokacin. Kafin in tsaya ko'ina, ko danja ce ko shan ruwa, sai na koma giya mai sauƙi don tashi. Ƙarfen awon kaca kuma na sayi nawa, ba tsada, duk kacar giya 12 da ta kai alamar miƙewa ta 0.5 cire ta nake yi ba jayayya, gara in sayi kaca sau uku da in sayi haƙora sau ɗaya. Ɗan mahaɗin nan yana manne da salatif a ƙarƙashin sirdina har yau.

Na biyu batir, shi ma ya taɓa cina amma ba zan ja labarin ba, na dai taka keke mai nauyin nan ba wuta a hawan ƙarshe na dawowa daga dutsen Schauinsland, magariba na yi, ina tsine wa kaina. Mu yi lissafi mai sauƙi. Kai da keke da jaka a ce kilo 100. Ɗaga kilo 100 sama mita 1,000 yana cin kusan Wh 270 (Wh shi ne awon wutar da batir ke ɗauka), wannan kafin a sa jan taya a ƙasa da iska da abin da injin ke ɓatarwa ya zama zafi. Schauinsland tsayinsa mita 1,284, garin Freiburg yana ƙasa da mita 300, ka ga hawan kusan mita dubu ke nan. A Turbo injin ne ke ɗaukar sama da kashi uku cikin huɗu na aikin, a Eco bai kai kashi 40 cikin 100 ba, sauran ƙafarka ce. To mai batir Wh 500 da ya hau dutsen nan a Turbo ya ci mafi yawan abincinsa tun kafin azahar, sannan ya ce zai zagaya wani dutsen. Masu 625 da 750 suna da ɗan sarari amma lissafin bai canja ba. Hawa ke cin batir, ba tsawon hanya ba, don haka ka daina tambayata wai kilomita nawa yake yi, ka tambayi mita nawa za ka hau.

Kuma don Allah ku daina yarda da lambar nan da allon ke nunawa ta sauran kilomita. Ƙiyasi ne daga yadda ka taka a baya kaɗan, kana kan kwalta a shimfiɗe zai nuna maka lamba mai daɗi, ka shiga hawa ka ga ta zube rabi. Tsofaffin allunan Bosch ma sanduna biyar kawai suke nunawa, kowace kashi 20, sanda biyu na iya zama 40 na iya zama 21. Ni dokata, Eco ko Tour, matakin da ke binsa, a duk hanyar da ke kai ni gindin dutse, kuma idan batir ya kai rabi ban juyo ba to na juyo ke nan ko ban kai inda na nufa ba. Lokacin sanyi ina kwana da batir a ɗaki in saka shi sai zan fita, sanyi na rage masa ƙarfi sosai.

Wani zai ce to Turbo ɗin ado aka sa shi? A'a. Yana da wurinsa, doguwar hanyar motocin katako mai tsayi wadda ƙasarta ta taushe, ko ka makara kana son kaiwa gida. Inda bai dace ba shi ne daidai inda sabbin shiga suke danna shi, wato hawa mai saiwoyi da duwatsu, musamman bayan ruwan sama. Ka taɓa feda kaɗan keken ya zabura, tayar baya ta yi ta juyawa a banza a kan jiƙaƙƙiyar saiwa, ko ta gaba ta ɗaga sama ka faɗo ta baya. A irin wurin nan matakin tsakiya ya fi, eMTB a Bosch ko Trail a Shimano, don shi yana bin ƙafarka ne, ka taka a hankali ya ba ka kaɗan ka danna ya ƙaro. Ka zauna a sirdi ka matso bakinsa, ƙirji ƙasa kusa da kan keke, kar ka miƙe tsaye. Ni har cikin manhajar waya na shiga na rage zaburar farko ta matakin sama, Shimano suna da E-Tube, Specialized da sabbin Bosch ma suna da tasu, abokan hawana suna min dariya wai na mai da doki jaki, su dai suka sani. Sannan ka lura da feda, tunda a keken nan kana taka ta a wuraren da mai keken gargajiya ya daɗe da sauka, tana dukan dutse, ka koyi dakatar da ƙafa ɗaya a sama ka bar ɗan turin nan na inji ya haye da kai.

Yanzu bari in yi faɗa. Injin ya kai ka ƙololuwa cikin sauƙi ba yana nufin ka iya saukowa ba. Da can kafin mutum ya samu ƙarfin hawa dutse irin wannan ya shekara yana faɗuwa a ƙananan wurare ya koyi birki, yanzu ranar farko sai ga shi a bakin Borderline ko Canadian, hanyoyin saukowa na nan Freiburg, da hular kwano ta cikin gari, wani ma ba hular. Keke mai kilo 24 ba ya tsayawa inda kake zato. Yatsa ɗaya a kowane birki, ka rage gudu kafin kwana, ka sauke sirdi ƙasa, kar ka riƙe birki tun daga sama har ƙasa faifan ya yi zafi ya daina kamawa. Ka riƙa leƙa takalmin birki, a keken nan yana cinyewa da wuri. Kuma haba jama'a, hanyar da aka gina don saukowa ba a hawa ta sama don kawai kana da inji, wani na tahowa a guje. Ka zo wuce masu tafiya a ƙasa ko mai keke marar inji yana haki, ka rage gudu ka yi magana, ba ka wuce shi fuu kamar an aiko ka ba. A jihar Baden-Württemberg akwai dokar da ta hana hawa keke a hanyar daji da faɗinta bai kai mita 2 ba sai inda aka ba da izini, waɗannan hanyoyin na Freiburg da wahala ƙungiyar mahaya ta samo su, kar kai baƙo ka zo ka jawo musu magana.

Sauran ƙanana ne. Kar ka ɗora ƙafa a feda lokacin da kake kunna keken, na'urar awon ƙarfi tana saita kanta ne a lokacin, tsofaffin Shimano har lambar gargaɗi W013 suke rubuto maka. Inji ya riƙa yankewa haka kawai, duba ɗan maganaɗisun da ke tayar baya ko ya goce kafin ka ruga wurin mai gyara. Ka kai gudun kilomita 25 a awa ka ji taimako ya ɗauke, ba lalacewa ba ce, dokar Turai ce, a Amurka ne ake barinsa ya kai 32. Masu sa ɗan abin nan da ke ruɗar inji ya wuce 25, garanti ya tafi, Bosch na ganewa ya nuna lambar matsala 504, kuma a Jamus keken ya zama abin hawa mai buƙatar inshora, kai ka sani da 'yan sanda. Akwai maɓallin da ke tura keken a gudun tafiyar ƙafa idan ka sauka a tudu, mutane da yawa sun shekara ba su san da shi ba suna ta nishi. Kar ka wanke shi da injin feshin ruwa na wankin mota, ruwan yana kutsawa cikin boris da wurin inji, bokiti da soso sun isa. Mai a kaca kaɗan, ka goge ragowar da tsumma.

Masu tambayata yadda za su kai irinsa gida su hau a Jos ko duwatsun Abuja, ku fara sanin batir ba ya shiga jirgin fasinja, iyakar da ake bari Wh 160 ce, na keken nan ya ninka haka sau uku ko fiye, sai dai ta masu jigilar kaya da suka san ƙa'idarsa. In ya isa kuma, kar a bar shi cikin mota a rana, kar a jona caji yana da zafi daga hawa, a bari ya huce a inuwa tukuna, zafin Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri ya kan wuce digiri 40 kuma nan ne iyakar da Bosch suka ba da ta caji. Idan za a ajiye shi ya daɗe a bar shi tsakanin kashi 30 da 60, ba cike ba, ba fanko ba. Ƙurar hunturu idan ta haɗu da mai mai danƙo cin kaca take yi, a nemi busasshen mai, kuma a taho da kaca biyu da takalman birki tun daga nan don ba kowane mai gyaran keke ne zai samo maka na giya 12 ba.