Babi na 6: An Gama Gyara, Mota Ta Ƙi Tashi

Darasi na 1: Saurara tukuna

Ɗan'uwa, bakanike ya gama aiki, ka murɗa makulli, mota ta ƙi tashi. Kwantar da hankalinka. Yawanci wani abu ne aka kwance wajen gyara, ba a mayar da shi daidai ba.

In motarka mai canja giya da kanta ce, sa sandar giya a kan harafin P. Ga shi: P, sanda a tsaye da ɗan kumburi a samanta ta dama. Taka birki. In mai kuloci ce, fitar da giya, ka taka kuloci har ƙasa. Kashe rediyo, murɗa makulli, ka kasa kunne. Ko dai ka ji shiru, ko ka ji ƙas-ƙas-ƙas, ko inji ya yi ta juyawa bai kama ba. Kada ka riƙe makulli fiye da ƙirga goma, kik, wato na'urar da ke juya inji ya tashi, zai yi zafi.

Darasi na 2: Kan batir

In shiru ka ji, ko ƙas-ƙas, nan za ka fara. Zare makulli ka sa a aljihu. Buɗe murfin inji, ka tokare shi da sandarsa.

Batir yana da kai biyu. Ɗaya yana da wannan alama: +. Layi biyu ne da suka gitta juna, kuma wayarsa yawanci ja ce. Ɗayan yana da wannan: −. Layi ɗaya ne a kwance, wayarsa baƙa. Faɗa da bakinka: gitta ja, kwance baƙa. Madalla.

Yanzu kama kan da hannunka, ka gwada murɗa shi hagu da dama. In ya motsa ko kaɗan, bai ɗauru ba, wuta ba za ta wuce yadda kik ke bukata ba. Bakanike yakan cire kan batir kafin ya fara aiki, ya mayar da shi da hannu da niyyar ɗaurewa, sai wani aikin ya ɗauke masa hankali. Fitila ma takan kama, domin wuta kaɗan take ci, amma kik mai cin wuta da yawa ba zai juya ba.

Ɗauko sifana lamba 10, wato ɗaya da sifili a rubuce a jikinta. Ita ce ke kama yawancin motoci. Ɗaure noti. Sake kamawa da hannu. Ya motsa? Ƙara ɗaurewa. Sake kamawa. Je ka ɗaya kan, shi ma ka kama shi da hannu. Ba komai in ka yi sau uku, haka ake koyo.

In ka ga farin gari ko kore ya taru a kan, sai an cire an wanke da ruwan zafi, a goge da sanfefa har ƙarfen ya yi haske. Wajen cirewa, baƙa ce farko. Wajen mayarwa, baƙa ce ƙarshe. In ka fara da ja, sifana ta taɓa jikin mota, tartsatsi zai tashi ya ƙona ka. Kada kowa ya sha taba a wurin. Bayan ka mayar, kama da hannu.

Nan ne kuke ba ni wahala. A aji na ga magidanta sun leƙa, sun ce “Malam, lafiya lau yake,” alhali hannunsu na cikin aljihu. Ido ba ya gane kan batir da ya kwance! Kun gwammace ku sayi sabon batir da kuɗin cefanen iyali a kan ku ɓata hannu da baƙin mai? Wanda bai taɓa ba, kada ya wuce zuwa darasi na gaba. Koma ka kama.

Sannan bi baƙar wayar da yatsa har inda aka ɗaure ta a jikin mota ko inji. Ita ma girgiza ta. Ana yawan manta ta in an sauke inji ko giya. Mai mitar auna ƙarfin wutar batir ya auna: cikakken batir yana nuna wajen 12.6, in ya gaza 12 yana son caji.

Darasi na 3: Inji yana juyawa, bai kama ba

Murɗa makulli har fitilun gaban direba su kama, ka tsaya. A motocin zamani za ka ji ɗan kukan famfon mai daga baya na daƙiƙa biyu ko uku. In babu, buɗe akwatin fiyus. Fiyus da ya ƙone, siririyar wayar cikinsa a tsinke take. Sa wani mai lamba iri ɗaya, kada ka ɗaura waya a madadinsa. Duba ko akwai mai a tanki.

Darasi na 4: Inda aka yi aikin

Duba wurin da bakanike ya taɓa. In ka ga soket yana lilo, tura shi har ya ce ƙas.

Darasi na 5: Fulogi

In an sauya fulogi, wataƙila an sassaɓa wayoyinsu. Kira wanda ya yi aikin ya jera su.